Don Allah a taimaka: yaya za mu tare ƙungiyar da dogonta ya fi kowa iya fas?

Mataimakin Koci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na kawo kukana nan. Ina aiki da wata ƙungiyar ƙwararru ta ƙwallon kwando, ba zan kama suna ba. Asalin aikina yanka bidiyo ne, in tara wa koci kurakuran abokan karawa. Wanda ke riƙe da ɓangaren tsaro ya ajiye aiki ana tsakiyar kaka bayan saɓani da shugabanni. Har yau wasu na cewa ni na yi masa zagon ƙasa, alhali Allah ya sani shi ya koya mini aikin, littafin da yake rubutu a ciki ma ni ya bar wa. Yanzu babban koci ya ɗora mini tsarin tsaron wasan Asabar, ya ce in abin ya yi kyau kujerar tawa ce.

Waɗanda za mu kara da su ne a saman teburi, sun ci mu gida da waje. Dogonsu yakan tsaya wajen layin jifan kyauta da ƙwallo a hannu, sauran huɗun suna ta kewaya shi. Ka bar shi da mutum ɗaya, ya ture shi har ƙarƙashin kwando. Ka turo na biyu, ya cilla wa na kusurwa ya jefa mai maki uku. Shawarata ita ce mu rufe shi da mutum biyu da zarar ya taɓa ƙwallo. Ko akwai gyara?

Koci Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba gyara ake buƙata ba, yaga takardar za ka yi. Dogon da ya iya fas addu'a yake a rufe shi biyu, don ka bar mutum uku suna gadin huɗu ke nan. Dubi wasa na biyu na jerin wasannin ƙarshe na NBA, babbar gasar Amurka, a 2023. Jokic, dogon Denver, ya ci maki 41 amma fas huɗu kacal ya bayar aka ci, Miami ta doke Denver 111 da 108. Shi kaɗai ne wasan da Miami ta ci a jerin. Detroit ma haka ta yi wa Lakers a 2004, ta bar Shaquille O'Neal ya ci nasa, ta toshe sauran, ta ɗau kofi 4 da 1.

Abin yi shi ne ka sa lamba huɗunka, wato mai bin dogonka a girman jiki, mai ƙirji da ƙarfin ƙafa, a kan dogon. Naka dogon kuma ka ba shi wanda ya fi rauni wajen jifa daga nesa, ya saki jiki ya tsare bakin kwando. Haka Minnesota ta yi a 2024: Towns a kan Jokic, Gobert yana shawagi daga wajen Aaron Gordon. Sun fitar da Denver masu riƙe da kofi a wasa na bakwai, a gidan Denver ɗin, bayan an ba su ratar maki 20. Kai ma ka fi su sauƙi, in da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kuke wasa, babu hukuncin da ke hana mai tsaro wuce daƙiƙa uku a bakin kwando, dogonka zai iya kafa sansani a ƙarƙashin kwando. Faɗa mini, waye mai raunin jifa a cikin biyar ɗinsu?

Mai Bibiyar NBA:
Ranka ya daɗe, Lakers ma sun gwada wannan a 2023, Hachimura a kan Jokic, Anthony Davis yana shawagi. An share su 4 da babu. Ni dai musayar mutum nake gani, duk shingen da suka kafa, wato ɗan wasansu ya tare wa mai tsaro hanya da jikinsa, masu tsaro su yi canjin wanda suke gadi nan take. Houston ta kai Golden State har wasa na bakwai da shi a 2018, ba don Chris Paul ya ji ciwo a cinya ba, suka kuma zubar da mai maki uku sau 27 a jere, da labari ya sha bamban.

Koci Mai Ritaya:
Yaro, Houston ta tara mutanen da tsayinsu da ƙarfinsu ya yi kusa, shi ya sa musaya ta yi mata aiki. Kuma maganin masu gudu su fake bayan shinge ne, ba maganin dogo mai ture mutane ba. Ka yi musaya a nan, gajerenka ya wayi gari a bayan ƙaton, an gama.

Mataimakin Koci:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ba ku ga lamba huɗunmu ba ne, siriri ne, jifa aka ɗauko shi yi. Dogonmu kuma laifi biyu yake kwasa tun kwata na farko, biyar kuwa ake fita, ba shida ba kamar NBA. Shi ya sa na ce a rufe shi biyu, ko hannun yaronmu ya huta. Babban koci ma ya taɓa cewa yana son tsaro mai matsi, ban son in kai masa abin da zai ce tsoro ne.

Tsohon Ɗan Benci:
Wannan magana ta laifi ta taɓa ni. Shekara uku na yi ana saka ni don kawai in sha laifi a kan manyan dogaye, in na cika biyar a mayar da ni benci, ko sannu babu. Gwiwata ta hagu a nan ta tafi. Da kwantiragina ya ƙare ko waya ba wanda ya yi mini. Masu zana tsari a allo ba sa tuna jikin mutum ne ke ɗaukar karon. Koci, in za ka sa yaro a gaban ƙaton nan, ka raba nauyin tsakanin mutum uku.

Mai Nazarin Bidiyo:
Ni abin da ya dame ni ma daban. Na taɓa kwana uku ina haɗa irin wannan rahoto, muka ci wasan, wanda ke samana ya je gaban 'yan jarida ya ce dabararsa ce. Ka ajiye kwafin komai da kwanan wata, ɗan uwa. Game da wasan kuwa, me zai hana tsaron yanki, inda kowa ke gadin wuri maimakon mutum? Toronto ta sa mutum huɗu a yanki, VanVleet ya manne wa Curry, gwanin jifan Golden State, a 2019, Golden State ta yi mintuna ba ta ci ba.

Koci Mai Ritaya:
Kuma Toronto ta sha kashi a wannan wasan, 109 da 104, ka ƙarasa labarin. A ɓangaren Golden State, Durant ba ya nan, Klay Thompson ya fita da rauni, shi ya sa dabarar ta yi tasiri. Tsaron yanki kuwa tsakiyarsa ne raminsa, daidai inda dogon nan yake tsayawa. Ka miƙa masa wuƙa da nama ke nan. Ƙanena, in ba ka da mai ƙarfi, sa gajere mai naci ya tsaya a gabansa ya hana ƙwallo isa hannunsa tun farko, dogonka yana baya. Oklahoma ta sa Caruso a kan Jokic a wasa na bakwai a 2025, ta ci 125 da 93. Har yanzu ba ka ba ni amsa ba, waye ba ya iya jifa a cikinsu?

Mataimakin Koci:
Baba duk suna jefawa, wallahi. Kuma atisaye biyu ya rage mana, ba zan iya koya wa yara sabon abu a kwana biyu ba, rufewa biyu kuwa mun saba da ita tun farkon kaka. Tunanina yanzu in jinkirta ta, sai ya fara buga ƙwallo a ƙasa sannan na biyu ya zo ta bayansa.

Mai Bibiyar NBA:
Daga wane ɓangare na biyun zai taho? In daga kusurwa ne, ka ba su jifan da suka fi so.

Koci Mai Ritaya:
Babu ƙungiyar da duk biyar ɗinta ke jifa daidai. Koma kan bidiyon, ka ƙirga na kowa daban.

Mataimakin Koci:
Zan duba in sha Allahu. Amma gobe da safe koci ke son takardar, kuma na riga na rubuta rabinta.