Daga ina zan fara sauraron kiɗan rok?

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata uku ke nan ina koyon jita, kuma kunnena ya kamu da kiɗan rok. Duk wanda na tambaya sai ya ce in fara da Beatles. Ni kuwa daga tushe nake so in san abin. Don Allah ku ba ni abin da zan saurara bi da bi.

Kawu Mai Faifai: Wa alaikumus salam, ɗana. Beatles reshe ne, saiwar tana kudancin Amurka, wajen baƙar fata masu waƙar coci da buluz. Fara da Sister Rosetta Tharpe. Nemi hoton wasan da ta yi a 1964 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta, bayan an sheƙa ruwa. Mace ce mai shekara 49, cikin doguwar kwat, rataye da jita mai lantarki, tana kaɗa ta kamar tana magana da ita. Tun shekarun 1940 take wannan kiɗa, lokacin mawaƙi Elvis Presley yana yaro ƙarami. In ka gama da ita ka wuce wajen Chuck Berry, "Maybellene" ta 1955 da "Johnny B. Goode" ta 1958. Ta biyun har cikin faifan zinaren da aka ɗora wa kumbon Voyager a 1977 an sa ta.

Mai Gyaran Rediyo: Kawu, ka tsallake wadda ta shafi sana'ata. "Rocket 88", 1951, a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips a Memfis. Makaɗan Ike Turner ne, Jackie Brenston ya rera. Yadda Phillips ya ba da labari, akwatin ƙara sautin jitar ya lalace a hanyarsu ta zuwa daga Misisifi, takardar lasifikar ta yage. Aka cusa takardu a ciki aka ci gaba da aiki. Sai jitar ta riƙa fita da wata irin gurnani, Phillips ya ce a bar ta haka. Kullum irin wannan lasifika ake kawo mini shago a ce in gyara ko in canza. Su kuwa sun ji daɗi a cikin abin da muke kira lalacewa, daga baya har na'urori aka ƙera musamman don a samu wannan ƙarar. Auta, sa abin kunne ka bi jitar ita kaɗai, za ka ji ta a ƙarƙashin komai.

Malamar Tarihi: Ƙanena, shawarata ka riƙa saurare biyu-biyu. Ji "Hound Dog" ta Big Mama Thornton, wadda ta fito a 1953, sannan ta Elvis ta 1956. Ji "That's All Right" ta Arthur Crudup, 1946, sannan wadda Elvis ya ɗauka a Yulin 1954. Ban hana Elvis gwanintarsa ba, yana da murya kuma ya girmama waɗannan mutane. Amma Crudup ya rasu a 1974 bai ci moriyar waƙarsa ba, bayan ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da aka fara tarihin rok daga 1956 kamar daga sama ya faɗo.

Yaya Na Landan: Malama, gaskiya kika faɗa, amma kada mu sa yaron ya raina Beatles. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 da suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, kusan mutum miliyan 73 ne suka kalla. Kuma ba su ɓoye inda suka sha ruwa ba, sun rera waƙoƙin Chuck Berry da na Little Richard a faya-fayansu. Rolling Stones ma daga waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. Samarin Ingila ne suka mayar wa Amurkawa da yawa kiɗan da ke bayan gidansu.

Malamar Tarihi: Na yarda, Yaya. Ya dai bi su a jere.

Ɗan Agadas: Ni Jimi Hendrix zan ba ka, ɗan'uwa. Babban taron kiɗa na Woodstock, Agustan 1969, a gonar wani mai kiwon shanun madara a jihar New York, mutane wajen 400,000. Shi ya rufe taron da safiyar Litinin, mafi yawan jama'a sun riga sun watse, filin duk laka. Ya ɗauki taken ƙasar Amurka ya kaɗa da jita, a tsakiya kana jin kamar jiragen yaƙi da fashewar bom, ana tsaka da yaƙin Biyetnam. Shekara guda bayan nan ya rasu yana da shekara 27. In ka ƙoshi da shi ka zo gida. Mdou Moctar namu na Nijar bahago ne kamar Hendrix, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, waƙoƙinsa kuma daga waya zuwa waya suka fara yawo. Nemi "Afrique Victime" na 2021. Ga kuma Bombino da faifansa "Nomad" na 2013, da Tinariwen na Mali da suka ci Grammy a 2012. A wajenmu a gidan biki ake jin wannan jita.

Kawu Mai Faifai: Madalla. Tunda an zo gida, a Legas Paul McCartney na Beatles ya ɗauki mafi yawan faifan "Band on the Run" a 1973, Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream kuma ya zauna can ya yi faifai da Fela.

Yaya Na Landan: A ƙara da ƙungiyar Queen a filin wasa na Wembley a Landan, 13 ga Yuli 1985, wasan tara gudunmawa don yunwar Habasha. Minti 20 da ɗoriya ne kawai. Mawaƙinsu Freddie Mercury a Zanzibar aka haife shi.

Autan Zaure: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kalli na Manchesta sau uku yanzu. Sai dai yatsuna sun yi kanta, igiyoyin suna yanka ni.

Mai Gyaran Rediyo: To ga Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma igiyoyi sirara, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya ƙara nauyi. Ji faifansu na farko na 1970, sannan na 1971 inda sassaucin ya fito sosai. Kai ma sayi igiyoyi sirara, ka rage musu ɗauri kaɗan har fatar ta saba.

Autan Zaure: Gobe in sha Allah zan leƙa kasuwa. Kawu, bayan Chuck Berry, Little Richard zan bi ko Muddy Waters?

Kawu Mai Faifai: Muddy tukuna, ɗana. Shi ya tura Chuck Berry kamfanin faifai na Chess a Shikago.