Gogayyar ƙasan kogi da cakuɗuwar ruwa a TELEMAC-2D: abin da masana suka shawarta

TELEMAC-2D manhajar kwamfuta ce da ke kwaikwayon gudun ruwa, kuma batun a nan shi ne yadda za a saita gogayya da cakuɗuwar ruwa a cikinta. Mafi yawan shawarar masana ta tsaya ne a kan gogayya tsakanin ruwa da ƙasan kogi, domin ita ke sarrafa zurfin ruwa. Dokar Manning da ta Strickler, waɗanda ake lissafa gogayya da su, abu ɗaya ne a juye: idan Manning ya zama 0.03, wanda ya dace da kogi mai tsabtataccen ƙasa, Strickler zai kai kusan 33. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi Strickler sannan a rubuta 0.03; nan take ruwa zai taru kamar an datse shi. A lambar Manning, magudanar siminti tana wajen 0.013, fadama mai ciyayi kuwa takan wuce 0.05, don haka kada a shimfiɗa lamba ɗaya ko'ina. Dokar Chézy, wata dokar gogayyar, ba ta bin sauyin zurfi, shi ya sa ba ta cika dacewa da ambaliya ba.

A batun cakuɗuwa, tsarin lissafi na Elder ya wadatar a kogi miƙaƙƙe. Tsarin lissafi na k-epsilon kuwa sai inda ruwa ke juyawa, kamar bayan ginshiƙin gada. Idan idanun ragar lissafi, wato ragar da manhajar ke raba kogin da ita, suka yi faɗi, ita kanta tana shafe juyin ruwan. A fara daidaita gogayya da ma'aunin zurfi na fili, kafin a taɓa cakuɗuwa.