Neman shawara: waƙoƙin duniya a filin wasan jami'ar Kirista

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina cikin kwamitin wasanni na ɗalibai a wata jami'a mallakar ikilisiya, kuma muna shirin gasar ƙwallon ƙafa tsakanin tsangayoyi. Wasunmu suna son a sa waƙoƙin zamani irin na rediyo kafin a take wasa da kuma lokacin hutun rabin lokaci, wasu kuwa sun dage cewa makarantar da ake buɗe kowane taro nata da addu'a bai dace a ji waƙar duniya daga lasifikarta ba. Faston jami'a ya ce mu kawo masa matsaya guda a rubuce. Me kuke ganin ya kamata mu rubuta?

Amsar wani dattijon ikilisiya:
Ɗana, ba kowace waƙar da babu sunan Yesu a cikinta ce ƙazanta ba, domin da haka ne da taken ƙasa ma ya haramta a gare ku. A Ayyukan Manzanni 17:28, Manzo Bulus ya kawo maganar mawaƙan Helenawa a tsakiyar wa'azinsa a Atina, alhali ba masu bi ba ne. Ma'aunin da zan ba ku shi ne Filibiyawa 4:8, wato abin da yake gaskiya, mai tsarki, abin yabo. Waƙar da ke tallata fasikanci, maye ko kuɗin damfara ta faɗi wannan jarrabawa komai daɗin kiɗanta.

Amsar wata uwa daga zumuntar mata:
Baba, na ji maganarka, amma iyaye suna biyan kuɗin makaranta mai tsada ne saboda tarbiyya. Ko an cire kalmomin an bar kiɗan kawai, yaran sun haddace baitocin, su ne za su rera daga kan benci, rawar da ke tafiya da waƙar kuma za ta biyo baya. Romawa 14 ta gargaɗe mu kada 'yancinmu ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwa.

Amsar wani tsohon shugaban mawaƙa:
Mama, abin da ya fi damuna shi ne akasin haka. Idan aka ce waƙoƙin sujada kaɗai za a sa, to za a wayi gari ana tashi da waƙar nasara bisa Shaiɗan duk lokacin da aka jefa ƙwallo a ragar abokan karawa, waɗanda 'yan'uwa ne da za a zauna da su a majami'a ranar Lahadi. Wannan wulaƙanta waƙar ne. Kirari ma yana da haɗarinsa, kamar yadda 1 Sama'ila 18 ta nuna, inda waƙar da mata suka yi wa Dawuda ta cusa wa Saul kishi. Ɗan'uwa, ku gayyaci 'yan Boys' Brigade, wato ƙungiyar samarin ikilisiya masu fareti, da gangunansu da ƙahonninsu, su riƙe yawancin lokacin.

Amsar wata malamar jami'a:
Ku rubuta jerin waƙoƙin tun da wuri, ku sa wanda ya ji Yarbanci da Turancin buroka ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, sannan fasto ya sa hannu. Ku kuma shaida wa mai sa kiɗan cewa idan ya fita daga jerin, ba za a biya shi cikon kuɗinsa ba.