An ce sai an yanka wa 'yata ƙashin kwatangwalo, akwai wanda ya taɓa gani?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta uku, tun da ta fara tafiya take ɗingishi ta hagu, kuma in zan sa mata wando ƙafar ba ta buɗuwa kamar ta dama. Ba ta kukan ciwo, shi ya sa kowa ke cewa in ta yi ƙwari za ta daina. Mun je Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗauki hoto, likita ya ce kan ƙashin cinyar ba ya cikin gurbinsa, kuma da shi aka haife ta. Wai sai an yi tiyata an mayar, a yanka ƙashin kwatangwalo a karkato shi, ƙila ma a rage na cinya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Hajiyar maigidana ta ce a fara kai ta wajen mai ɗori. Don Allah ku ba ni shawara.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara masu ciwon ƙashi, kuma ina roƙonki kada a kai ta ɗori. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Gurbin ne bai yi zurfi ba, kuma tsawon shekarun nan kitse da jijiya sun cike shi, tsokar cinya ta taƙaice. In aka ja da ƙarfi ba zai shiga ba, sai dai a lalata hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin.

Da an gano kafin ta yi wata 6, da maɗauri kawai za a sa mata. Bayan shekara ɗaya da rabi kuwa galibi sai aiki. Wanda aka fi yi wa sa'o'inta shi ne na Salter, likitan Toronto ta ƙasar Kanada da ya bayyana shi a 1961: a yanka ƙashin daga saman gurbin, a juyo gurbin ya rufe kan cinyar, a cusa guntun ƙashin yarinyar a tsagar, a riƙe da siraran ƙarafa. Rage na cinyar don kada kan ya shiga a matse ne, kuma ba ya sa ƙafar ta dawwama a gajarce, tunda saukowar kan gurbinsa ma ƙarin tsawo ne. Irin wannan gocewar ta fi samun mata, 'yan fari da waɗanda suka zo ta ɗuwawu. Goyo ba ya jawo shi, buɗe ƙafa a baya ma amfani yake wa gaɓar.

Baban Yara:
Maman Ilham, tawa an yi mata tana shekara huɗu. Aikin bai wahalar da mu kamar simintin da aka sa mata bayansa ba. Daga ƙirji har ƙafa aka ɗaure ta, ƙafafu a ware, da 'yar ƙofa ta fitsari da bayan gida, wajen mako shida. Mu da zafi aka yi mana, ƙaiƙayi ya hana ta sakat. In da zaɓi ku nemi lokacin sanyi. Uwarta ƙaramin pampas take cusawa ciki ta rufe da babba, muna juya ta a kai a kai don kada bayanta ya yi gyambo. Kada a bari ta sosa da tsinke ko ta jefa wani abu ciki. Da aka cire ta ƙi taka ƙasa don tsoro, sai da muka yi ta zuwa gashin ƙashi. Yanzu tana firamare, da ƙafarta take zuwa.

Maman Ilham:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, to in muka bari ta ƙara girma fa? Kuma ba ya gocewa bayan aiki?

Anti Nas:
Yana iya gocewa, kan ƙashin ma yana iya rasa jini, ba zan ɓoye miki ba. Shi ya sa ake bin ta da hoto har ta gama girma. Amma jira ba ya ƙara komai sai wahalar aikin, kuma wadda aka bari haka gaɓar kan cinye tun tana da ƙuruciya. Ki tambayi likita ko za a tanadi jini da yaushe za a cire ƙarafan. Ranar komawa ku tafi da Hajiya, a nuna mata hoton da idonta.