Dila ya wanke sabuwar mota, ko a karɓe ta da ledarta?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Motata ta iso wurin dila. So nake in ce kada su wanke, kada su yi mata folish, su miƙo min ita da ledarta. Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Wane launi?

Baban Khalifa: Baƙa.

Malam Sani: To kada tsummansu ya taɓa ta.

Alhaji Bala: Ni aka yi wa aika-aika. A cikin ɗakin nuni tawa sai ƙyalli take. Da na fito rana, sai ga zane-zane a bonet da ƙofofi kamar saƙar gizo-gizo. Ashe da bokiti ɗaya da soso ɗaya yaron ya wanke motoci a jere, yashin waccan ya goge a jikin tawa, sannan aka bi da injin folish, aka shafa kakin da ke ɓoye karce. Ana yin wanki kaɗan kakin ya tafi, komai ya fito fili. Na koma, suka ce ai ni na yi. Fentin saman nan mai sheƙi kaurinsa wajen maikiron 40 zuwa 50 ne (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), duk folish sai ya ci wani abu daga ciki, kuma ba ya dawowa. Ka sa a rubuta a takarda cewa kada a wanke ta, ka kuma manna wata a gilashi, domin mai sayarwa daban, mai wanki daban.

Maman Ummi: Amma Alhaji, in akwai lotsawa ƙarƙashin ledar fa? Kana sa hannu ka fita, ta zama taka.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya. Ka ɓare ledar da hannunka a gabansu, ka haska da tocila, ka ɗauki hoto. Kada ta daɗe a rana, gam ɗin kan kama fenti. Kuma wankin kaɗai za ka hana. Dole su duba injin, su rage iskar taya don da yawa ake cika ta a hanya, su cire robobin da wasu kamfanoni ke cusawa a sifirin.

Malam Sani: Ni ina jiran a ce wata uku kafin a shafa mata komai.

Injiniya: Wannan na fentin gareji ne, Malam. Na kamfani an gasa shi tun kafin a ɗora injin, ya riga ya bushe. A fesa maganin cire ƙurar ƙarfe, wanda ke komawa shunayya, a wanke da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, shi ke nan.

Ɗanlami: Ku sayi farar mota ku huta, jama'a.

Alhaji Bala: Kai da ko keke ba ka da shi?

Ɗanlami: Farar ce nake tara wa kuɗi, Alhaji.

Maman Ummi: Fara ma ɗigon tsatsar ƙurar ƙarfe a kanta ya fi fitowa.

Baban Khalifa: To in sun ce ƙa'idarsu sai an wanke fa?

Malam Sani: Kada ka biya cikon kuɗin sai sun yarda.