Zauren kakanmu: a shafe shi da siminti ko a sake yaɓe?

Autan Gida:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Muna da tsohon zaure a ƙauyenmu wajen Ɗambatta, ginin tubali ne, rufin daurin guga, tun zamanin kakanmu. Kaurin bangon daga tushe ya kusa kamu biyu, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Daminar bana indararo ya karye, ruwa ya bi bangon gabas ya zaizaye shi, zanko ɗaya ma, wato tsinin adon da ke saman bango, ya faɗo. Yayana ya ce a rushe a sa bulo da kwano. Ni na fi son a shafe shi da siminti a huta. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Jikan Magina:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura. Siminti ba ya kama ƙasa. Da ya tsage, ruwa zai shige ya kwanta a baya, bango yana jiƙewa ba ka sani ba, wata rana shafen ya ɓallo gaba ɗaya. Haka shigifarmu ta yi, har yau ina cizon yatsa. Fara gyara indararon. Sannan a haƙo birji, a cuɗa da ciyawa, a bar shi ya kwana biyu yana ruɓa kafin a yaɓa, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Idan akwai karofi kusa da ku, nemi katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a ramin rini, a haɗa da gashin jima da dafara a yi laso, shafen da ke hana ruwa shiga, a saman rufin. Amma ka hau ka ƙwanƙwasa azarar tukuna. Ta giginya ce, gara ba ta cika cin ta ba, yoyo ne ke kashe ta.

Ɗan Tawa:
A nan wajenmu, jihar Tawa ta Nijar, akwai masallacin Yama, Falke Barmu ya fara shi da ƙasa a 1962, masallacin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ku kuma ga ginin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya, bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, na nan tsaye. Mai gyara ne dai ya yi ƙaranci.

Maman Biyu:
Ku maza daɗin zaure kuka sani. Mu ne muke jera kwanuka da tsakar dare muna tarar yoyo. Malam Auta, in ba za ka riƙa zuwa yaɓe kafin kowace damina ba, ka bi maganar yayanka.

Autan Gida:
Hajiya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don a Kano nake zaune. Ranar Asabar zan je in duba azarar.