Tallafin gwamnati ke kashe zuciya, ko ƙaramin albashi?

Baban Usman: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana, kuɗin da gwamnati ke rabawa suna kashe wa matasa zuciya. Da aka fara N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a 2016, malamai uku suka bar makarantata. Daga baya na sha ganin ɗaya daga cikinsu a majalisa da hantsi, ba ya zuwa inda aka tura shi, ƙarshen wata dubu 30 ta shigo masa.

Maman Hauwa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Nawa kake biyan su a lokacin?

Baban Usman: Dubu 12 zuwa 15. Iyakar abin da kuɗin makaranta ke iya ɗauka ke nan, iyayen ma sai an bi su gida.

Maman Hauwa: To ai ka ba kanka amsa, Alhaji. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 18 ne, kai ko shi ba ka kai ba. Mutum da takardar shaidar malanta ta NCE, ya tsaya gaban allo daga takwas zuwa biyu, ya kwashi littattafan yara ya je gida yana dubawa da fitilar waya, a ce masa ga ninki biyu a wani wuri, me zai sa ya zauna? Kuma N-Power aiki aka tura su. Wanda ka gani a majalisa, laifin rashin sa ido ne. Sauran biyun fa, ba suna koyarwa ba?

Kawu Ɗanladi: Ni ina bayan Alhaji ta wani ɓangare. A unguwarmu akwai samarin da suka yi watanni suna zarya gidan kansila da shagon kwamfuta, cike fom kawai, suna jiran sunansu ya fito. Wanda ya koyi walda a waɗannan watannin yau shi ke ci da gidansu. Jiran ne ke lalata yaro, ko kuɗin ba su zo ba.

Abba daga Birmingham: Kawu, a nan Ingila maganar Alhaji ta fi nauyi. Mai karɓar Universal Credit, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, in ya ƙara aiki, ana rage masa kwabo 55 a kowane fam ɗaya da ya samu, kafin ƙarshen 2021 ma 63 ne. Ga haraji, ga kuɗin raino. Dole mutum ya yi lissafi kafin ya karɓi ƙarin awowi. A gida kuwa, dubu 5 da ake ba talakawa a wata zamanin Buhari, wa zai ajiye sana'a dominta?

Maman Hauwa: Ƙanwar mahaifiyata ta samu. Dubu 10 ake ba su duk wata biyu. Gyaɗa ta saya ta koma ƙuli-ƙuli da mai.

Ɗan Autan Zaure: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, ni abin a kaina yake. An sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, yawancinmu kuwa a irin waɗannan wurare muke. Ina tsaron wani shago a kan dubu 35. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, adaidaita ke cinye mini 800 kullum, sama da dubu 20 a wata. Abincin rana bai shiga ba. Watan jiya na ajiye aikin. Ko sisin tallafi ban taɓa samu ba, dubu 25 ɗin da aka ce za a raba sau uku a rediyo kawai na ji ta. Amma a unguwa ana ce mini rago, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo.

Baban Usman: Allah ya buɗa maka, yaro, ba da irinka nake ba. Amma Malama, ki duba nawa nauyin. In zan biya kowane malami dubu 70, sai na ninka kuɗin makaranta sau uku. A unguwar da nake, uban wa zai iya biya?